Hudon ne ko Beaulieu? Sunan kakan matata ya sauya a tsakiyar takarda

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ya ɗaure mini kai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko akwai mai haske a kai. Waɗanda suka san ni sun san shekarata 11 a Trois-Rivières da ke lardin Kebek a Kanada, kuma maiɗakina 'yar nan ce. An ba 'yarmu Hanifa aiki a makaranta ta zana bishiyar zuri'arta. Ranar Asabar muka je gidan surukata, ta sauko da wani kwali daga saman kabad, ta zazzage takardu a kan teburin cin abinci. A ciki akwai wata doguwar takarda da ƙanen mijinta ya rubuta da hannu tun kafin ya rasu, ya jero uba bayan uba har zuwa shekarar 1676. Sunan gidansu Beaulieu. Ina bin layin da yatsa ina hawa sama, Beaulieu, Beaulieu, Beaulieu, sai kwatsam na ga "Hudon dit Beaulieu", na ƙara gaba na ga wani wuri Hudon kaɗai. Na yi shiru. A raina na ɗauka ko riƙo aka yi wa wani, ko wata magana ce ta cikin gida da ba a son tonawa, kuma kun san ba za ka iya yi wa surukarka irin wannan tambayar ba. Don Allah wa ya san abin da ya faru da sunan nan?

Malam Lawali:
Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Kwantar da hankalinka, babu riƙo, babu abin kunya. Kai da ka yi lakwal ka san ma'anar "dit" a Faransanci, wato "wanda ake ce wa". In mace ce a rubuta "dite". Mutumin da ka gani a saman takardar, Pierre Hudon ne wanda ake ce wa Beaulieu. Daga yankin Anjou na Faransa ya zo, ya auri Marie Gobeil a 1676, suka zauna a Rivière-Ouelle a gaɓar kudu ta kogin Saint-Laurent. Jikokinsa sun ɗauki sunayen biyu tare har tsawon kusan shekara 200. Wani limamin coci ya rubuta Hudon a ranar baftisma, wani ya rubuta Beaulieu a ranar aure, na uku ya haɗa biyun a ranar binnewa, alhali mutum ɗaya ne. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 al'adar ta fara mutuwa, kowane reshe ya riƙe guda. Gidan surukanka suka riƙe Beaulieu, 'yan'uwansu na jini suka riƙe Hudon.

Hajiya Maman Ummi:
Ikon Allah. Ashe dai laƙabi ne kawai. Mu ma ai haka muke, sunan yanka daban, wanda ake kira daban. Ni har na yi aure ban san sunan kakata Hauwa ba, Kulu muka sani.

Malam Lawali:
Hajiya, kin kusa, amma akwai inda suka rabu. Namu laƙabin yakan mutu tare da mai shi. Ɗan Tanko ba ya zama Tanko, ɗan Gambo ba ya zama Gambo. Nasu kuwa ana gadonsa kamar gona, kuma hukuma ta san da shi, yana shiga rajistar coci da takardar cinikin fili da yarjejeniyar aure. Shi ya sa ya iya cinye sunan asali gaba ɗaya.

Babbar ƙofar da abin ya shigo ta soja ce. A 1665 Sarki Louis na 14 ya aika rundunar Carignan-Salières, mutum wajen 1,200, zuwa Kanada. Da aka gama abin da ya kawo su, kimanin 400 suka zauna suka yi aure. A sojan Faransa na wancan zamani, in ka shiga aiki ana raɗa maka sunan yaƙi, har daga baya a 1716 aka mai da shi doka ga kowane ƙaramin soja. Ku ji irin sunayen: Lafleur, wato fure. Jolicoeur, mai kyakkyawar zuciya. Sansregret, ba nadama. Sanschagrin, ba baƙin ciki. Ladouceur, sanyin hali. Tranchemontagne, mai tsaga dutse. Vadeboncoeur, je ka da zuciya ɗaya. Duk waɗannan yau sunayen gidaje ne a Kebek, za ka gan su a jikin motar mai gyaran famfo da ƙofar ofishin lauya.

Ɗan Zango Kumasi:
Malam, waɗannan ai sunayen 'yan dambe ne da 'yan tauri! Mai tsaga dutse fa. Da ka ji ka san a cikin maza aka raɗa shi.

Abban Hanifa:
Wallahi Malam ka sauke mini kaya. Maƙwabcinmu na ƙasa sunansa ɗaya daga cikin waɗanda ka lissafa, shekara da shekaru ina gaishe shi ban taɓa tunanin ma'anar ba. Amma in na soja ne, me ya kai farar hula ciki? Don a takardar nan har manoma da ba su taɓa riƙe bindiga ba suna da shi.

Malam Lawali:
Larura ce. Waɗanda suka zo daga Faransa suka zauna har suka bar zuri'a ba su kai 10,000 ba a duk zamanin mulkin Faransa, daga kafa birnin Kebek a 1608 zuwa faɗuwarsa hannun Ingila a 1759. Mutane kaɗan, sunaye kaɗan, haihuwa kuma da yawa, gida ɗaya 'ya'ya 10 ko 12. Gonakinsu dogaye ne sirara, kowace ta sa ƙafa a kogi, 'ya'ya suna yankar na kusa da na uba. Kafin jikoki su girma sai ka ga Pierre biyar da François shida duk sunan gida ɗaya a gaɓa ɗaya. Dole a bambanta su.

Misalin da ya fi kusa da kai shi ne gidan Rivard. Wa da ƙane ne suka zo daga yankin Perche na Faransa, Nicolas Rivard da ake ce wa Lavigne da Robert Rivard da ake ce wa Loranger, suka zauna wajen Batiscan, wanda daga gidanka bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Daga cikinsu aka sami Lacoursière da Lanouette da Dufresne da Bellefeuille da wasunsu. Mutum biyu za su iya zama kujera ɗaya a coci, sunayensu ba su ko yi kama ba, alhali kakansu ɗaya. A ɗaya gefen kuma Lafleur biyu na iya kasancewa ba abin da ya haɗa su, don sojoji da yawa aka raɗa wa sunan a rundunoni dabam-dabam. Wannan na biyun shi ya fi kayar da masu neman asali.

Akwai kuma na garin da mutum ya fito: Langevin mutumin Anjou, Picard, Normand, Potvin mutumin Poitou, Champagne, Parisien. Har firaministan Kanada Wilfrid Laurier, wanda ya yi mulki daga 1896 zuwa 1911, sunan da duniya ta san shi da shi guntun laƙabi ne. Kakansa na farko a ƙasar sojan Carignan ne, François Cottineau wanda ake ce wa Champlaurier.

Hajiya Maman Ummi:
To wannan na gari kam mun san shi. Aminu Kano, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kuma ga shi 'ya'ya da jikoki sun riƙe. Ka ga Malam, namu ma ya fara zama gado tun da boko ta shigo.

Malam Lawali:
Gaskiyarki Hajiya, na karɓi gyara. Duk inda rajista ta shigo, laƙabi yakan daskare.

Ɗan Maliki:
Ni fa ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ba za a so ba. Tun ɗazu ana ta yabon sunaye masu daɗi, fure da zuciya da sanyin hali. Su waɗannan sojojin yawon buɗe ido suka je? A 1666 rundunar nan ta shiga ƙasar Mohawk, wata ƙabila ta 'yan asalin yankin, ta ƙone garuruwansu da abincin da suka tanada ana gab da shiga hunturu. Gonakin da kuke cewa dogaye sirara, ƙasar wasu ce. Faransar da ta aika su ita ce ta aiko hafsoshinta Voulet da Chanoine suka ƙone Birnin Ƙonni a 1899. Ni ba na iya karanta tarihin nan da sha'awa. Kuma Abban Hanifa, kar yarinya ta ga nasu ya kai 1676 namu ya tsaya a kaka na uku ta ɗauka su ne masu asali.

Abban Hanifa:
Ɗan'uwa, maganarka ta ƙarshe ta taɓa ni, don abin da ya hana ni barci ke nan. A takardar da Hanifa ta zana, ɓangaren uwarta ya cika har ta liƙa wata takarda a sama. Nawa ɓangaren suna huɗu ne, sai fari fat. Ta dube ni ta ce, "Abba, su naka ina suka tafi?" Ban sami amsa ba a lokacin. Amma waɗannan mutanen ma kakanninta ne, jininsu na jikinta. Ba zan ce mata ta ƙi su ba. Abin da zan iya shi ne in gaya mata duka, har da ƙone garuruwan.

Sabo na Lewiston:
Tun da an zo faɗin gaskiya, ni a wurin aiki na ji wani yana cewa matan da sarki ya aika musu ma karuwai ne aka kwaso daga titunan Paris. Haka ne?

Hajiya Maman Ummi:
Haba Sabo. Kakannin yarinyar mutane ake magana, ubanta na nan yana karantawa. In ba ka tabbatar ba ai sai ka tambaya a gefe. Kuma kullum haka ne, in mace ta yi tafiya ba miji sai an nemo abin da za a shafa mata.

Sabo na Lewiston:
Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, Abban Hanifa ka yafe ni. Tambaya na yi don in san abin da zan mayar wa mai faɗa.

Malam Lawali:
Gara da ya tambaya, don zancen ya daɗe yana yawo. Ana kiransu Filles du Roi, 'ya'yan sarki mata. Kusan 800 ne, an kawo su tsakanin 1663 da 1673, baitulmalin sarki ya biya kuɗin jirgi da 'yan kayan akwati, wasu har da kuɗin aure livre 50 a kuɗin Faransa na lokacin. Dalilin a fili yake. Ƙidayar da Jean Talon, babban jami'in sarki a Kanada, ya yi a 1666 ta sami Faransawa 3,215 a ƙasar, a ciki maza marasa aure da suka isa aure 719, mata 45. Da yawa daga cikin 'yan matan marayu ne, wasu daga babban gidan marasa galihu na Salpêtrière a Paris. Wanda ya fi yaɗa ƙazafin wani hafsa ne, Baron de Lahontan, wanda bai taka ƙasar ba sai 1683, shekara 10 bayan zuwan na ƙarshe. Masana yawan jama'a sun bi su ɗaya bayan ɗaya a rajista, suka ga yawan 'ya'yan da suka haifa da tsawon ran da suka yi bai yi kama da na matan da cututtukan wancan zamani suka ci ba.

Abin da ya fi burge ni a labarinsu shi ne suna da bakin magana. Ana rubuta yarjejeniyar aure a gaban notaire, wato jami'in da ke rubuta yarjejeniyoyi a hukumance, kafin a je coci, kuma akwai waɗanda suka sa hannu, suka je suka ga halin mutumin ko suka ga ba shi da ko bukka, suka dawo aka soke, suka zaɓi wani. Takardun sokewar suna nan har yau.

Hajiya Maman Ummi:
To ka ji. Marainiya ta hau jirgin ruwa wata biyu zuwa ƙasar ƙanƙara da ba ta san kowa ba, ta haifi goma ta raine su. Ni tausayi ma suka ba ni. Amma ta yaya aka iya bin su, alhali Turawa mace na aure sunanta ya ɓace?

Abban Hanifa:
Hajiya, wannan ni zan amsa, don na gani da idona. A rajistar Kebek mace ba ta rasa sunan gidan ubanta. Ko ta shekara 50 a gidan miji, ranar da za a binne ta da sunan ubanta za a rubuta, sannan a ce matar wane. A takardar aure kuma ana rubuta iyayen ango da iyayen amarya, kowace uwa da nata sunan. Da haka ake hawa daga aure zuwa aure kamar tsani. Tun 1981 ma doka ce, mace a Kebek ba ta ɗaukar sunan miji a takardun hukuma. Maiɗakina sunan ubanta take amsawa. Da na gaya mata mu ma a Musulunci ana danganta mace ga ubanta ne, ta yi mamaki ƙwarai.

Anti Rabi Nas:
Sannunku, yanzu na sauko daga aikin dare na ga zancen ya yi nisa. Ni a Chicoutimi nake, yankin Saguenay a nan Kebek, inda matsalar ta juye. Nan sunan ɗaya ne ya cika gari: Tremblay. Shi ne sunan da ya fi yawa a duk Kebek, kuma kusan dukkansu daga mutum ɗaya suka fito, Pierre Tremblay da ya zo daga Perche a 1647 ya auri Ozanne Achon a 1657. Makona na farko na leƙa ɗakin jira na kira Madame Tremblay, mata uku suka miƙe tare. Tun ranar ba na ba da magani sai na haɗa da ranar haihuwa da sunan uwa. Tsofaffin nan kuwa suna da dabararsu, sai su ce wane na wane na wane, su jero uba da kaka, kamar yadda za mu ce Audu na Garba na Tanko. Wata tsohuwa da nake wa wankin ciwo ta jero mini nata har shida tana ƙirgawa da yatsu.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi aikinmu. Da yake mutane kaɗan ne suka haifi jama'ar, kuma waɗanda suka buɗe Saguenay daga 1838 yawancinsu daga yankin Charlevoix da ke makwabtaka da nan suka taso, wasu cututtukan gado da ba a cika gani a duniya ba sun taru a nan, kamar tyrosinémie da ke lalata hantar jarirai. Gwamnatin lardi tana ba da gwaji kyauta na cututtuka huɗu ga masu asali da yankunan nan in suna shirin haihuwa, kamar yadda muke gwajin jini saboda sikila kafin aure. Mutane kan ɗauka auren zumunci ne ya jawo, amma jami'ar nan tana da rumbun bayanai mai suna BALSAC da ya haɗa takardun aure, kuma binciken ya nuna auren 'yan'uwa na kusa bai fi na sauran wurare yawa ba. Coci ma ba ta yarda da shi sai da izini na musamman. Kakanni na nesa ne suka zama ɗaya ta hanyoyi da yawa.

Ɗan Maliki:
Anti, wannan na ƙaru da shi. Amma har yanzu tambayata na nan. Wa rajistar ta rubuta, wa ta bari?

Ɗan Zango Kumasi:
Nan nake jira a zo. Na taɓa karanta labarin wani yaro baƙar fata da Turawan Ingila suka kawo Kebek wajen 1629 suka sayar. Shi ne bawa ɗan Afirka na farko da aka rubuta a ƙasar. A 1633 aka yi masa baftisma aka sa masa Olivier, sunan wani babban akawun kamfani, daga baya ya ɗauki Le Jeune, sunan limamin Jesuit da ya koyar da shi. Ya rasu a 1654. Sunan da uwarsa ta raɗa masa babu wanda ya rubuta. Ko ƙasarsu ba a daidaita ba, wasu su ce Madagaska wasu su ce gaɓar Gini. Soja ya sami suna biyu, shi ko ɗayan nasa bai tsira ba. Duk lokacin da na tuna yaron nan sai in ji wani abu a ƙirjina.

Malam Lawali:
Haka yake, kuma ba shi kaɗai ba ne. Masanin tarihi Marcel Trudel ya bi rajistocin ya ƙirga bayi wajen 4,200 a Kebek kafin a soke bauta a 1834, kashi biyu cikin uku 'yan asalin ƙasar ne. Yawanci sunan baftisma kawai ake rubuta musu, sai a ƙara "panis", kalmar da ta samo asali daga sunan ƙabilar Pawnee ta koma nufin bawa ɗan ƙasa, sannan sunan mai shi. Ɗan Maliki yana da hujja a nan. Inda zan ƙara shi ne, da wannan rajistar ce dai aka iya ƙirga su har aka tilasta wa masu cewa ba a yi bauta a Kanada ba su yi shiru.

Matan 'yan ƙasa da suka auri Faransawa a coci wasu sunayensu sun tsira. Aure na farko irin wannan da aka rubuta shi ne na Martin Prévost da Marie Manitouabe8ich a 1644. Wannan 8 da kuka gani ba kuskure ba ne, alama ce da limaman suke sa wa sautin "u" ko "w" a harsunan ƙasar. Amma auren da aka yi can cikin daji wajen fataucin fatu, bisa al'adar matan, da yawa bai shiga littafin kowa ba.

Ɗan Maliki:
To a haka na yarda a koya wa yarinya. A sa mata Olivier a gefen takardar ko da ba kakanta ba ne.

Sabo na Lewiston:
Bari in kawo nawa ganin, ko na wanke laifina wurin Hajiya. Garin da nake a jihar Maine cike yake da jikokin waɗannan mutanen. Tsakanin 1840 da 1930 wajen mutum 900,000 suka bar Kebek suka gangaro Amurka aikin masaƙu, Lewiston da Lowell da Manchester da Woonsocket. Nan sunan ya sake juyewa karo na biyu. Akawun masaƙa ba ya jin Faransanci, ko dai ya fassara ko ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Roy ya zama King, Leblanc ya zama White, Boisvert ya zama Greenwood, Boulanger ya zama Baker, Lapierre ya zama Stone, Benoît ya zama Benway. Wasu da kansu suka canza don a daina raina su. Akwai wani dattijo da muke aiki tare, sunansa na Ingilishi tsaf, wata rana ya ji ina waya da abokina na Yamai muna haɗawa da Faransanci, sai ya matso ya ce mini kakarsa da harshen nan take yi masa addu'a in zai kwanta. Ya yi ƙoƙarin tuno kalmomin, biyu kawai suka zo, idonsa ya kawo ruwa.

Hajiya Maman Ummi:
Ka wanke, Sabo. Allah sarki dattijo.

Malam Lawali:
Abin ya taɓa tafiya ta ɗaya hanyar ma. A 1704 aka kamo wani yaro Matthias Farnsworth daga Groton a Massachusetts, cikin Amurka ta yau, aka kai shi Kanada. Ya zauna ya yi aure, bakin Faransawa ya kasa furta sunan, a hankali ya koma Phaneuf. Duk Phaneuf da ka gani yau jikan wannan yaron ne.

Abban Hanifa, in za ku ci gaba da bin takardar, ga tarko biyu. Na farko, daga ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20 kusan kowane namiji sunansa na baftisma da Joseph yake farawa, mace da Marie, sai sau da yawa sunan uban baftisma ko uwar baftisma, sannan wanda za a riƙa kira. Tsohon firaminista Jean Chrétien cikakken sunansa Joseph Jacques Jean Chrétien. Kamar dai gidan da kowa Muhammadu ne, ɗaya Sani ɗaya Bello ɗaya Lawal. Na biyu, in yaro ya rasu sukan mayar da sunansa ga wanda aka haifa bayansa, sai ka ga Marie-Anne uku uwa ɗaya uba ɗaya. In ba ka duba rajistar binnewa ba za ka aurar da wadda ta rasu tana wata biyu. Jami'ar Montreal tana da shirin PRDH da ya tattara rajistocin zamanin, kuma in ka sa Hudon yakan nuna maka har da masu Beaulieu.

Abban Hanifa:
Jama'a, ku tsaya ku ji. Ina karanta bayanin Malam sai wani abu ya faɗo mini, na tashi na buɗe jakar takarduna na ɗauko takardar haihuwata ta Maraɗi, wadda ta yi laushi har ta kusa rabuwa a wurin ninki. A layin sunan uba an buga da tafireta: Mahamane dit Bako. Shekara nawa ina riƙe da ita ban taɓa tsayawa a kan kalmar nan ba. Sunan yankan mahaifina Mahaman. Baƙo laƙabi ne, an ce ranar da aka haife shi fatake suka sauka a gidan. Da aka kai ni lakwal, malamin ya ɗauki Bako ya bar Mahaman, haka ya bi ni har fasfo. Da aka haifi Hanifa a nan, doka ta ce sunan gidan yaro daga na iyayensa za a ɗauko, bai wuce guda biyu ba, don haka ba sunana aka sa mata a baya ba kamar yadda za a yi a gida. Bako-Beaulieu aka rubuta. Yarinyata tana yawo da laƙabi biyu, na fataken da suka sauka a gidan kakana da na wani mutumin Anjou, sunayen yankan duka biyun sun faɗi a hanya. Hannuna har rawa yake ina rubuta wannan.

Anti Rabi Nas:
Allahu akbar. Ni ma a takardar yayata akwai "dite", yanzu na tuna.

Ɗan Maliki:
Ka ga abin da nake faɗa, akawu ɗaya ne ya bi mu duka da alƙalaminsa. Amma ka rubuta mata Mahaman a bishiyar da manyan baƙaƙe. Kuma kar ka ce naka huɗu ne tun ba ka tambayi mata ba. Maza suna ba ka uba da kaka su tsaya, tsofaffin mata su ne rajistarmu. Akwai wadda ta rage a gidanku?

Abban Hanifa:
Akwai gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana Tibiri, ta haura 80. Na kira ɗanta ɗazu ya kai mata waya. Da na faɗi abin da nake so ta yi dariya ta ce sai yanzu da na haifi Baturiya na san ina da kakanni. Ta jero mini bakwai ba tare da ta tsaya ba, har da wanda ya taso daga Katsina lokacin da Haɓe suka bar birnin, ga garin da kowa ya zauna da sana'arsa, biyu marina ne. Matsalar ita ce uku daga ciki laƙabinsu kawai ta sani, ɗaya kuma ta ƙi faɗin sunansa sam, ta ce sunan mijinta na fari ne, ba za ta kama ba ko a waya.

Hajiya Maman Ummi:
Kar ka matsa mata. Ka sa jikarta mace ta zauna kusa da ita, ta riƙa kawo sunaye ɗaya-ɗaya, in an zo kansa za ta ce "shi". Haka muka yi da kakarmu. Kuma ka tambaye ta iyaye mata tun tana da ƙarfi, kowace da garinsu, kar ka tsaya kan maza kawai.

Abban Hanifa:
Haka za a yi Hajiya, na gode. Ta ce in sake kira ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin ta dawo daga gidan suna. Hanifa ta riga ta yanko wata takardar ta liƙa a saman ɓangarena, ta ce ita za ta riƙe biro. Malam Lawali, in ta ba mu laƙabi ba sunan yanka, in rubuta "dit" a gabansa in bar wurin sunan a buɗe, ko in rubuta da Hausa?

Malam Lawali:
Rubuta "wanda ake ce wa", ka bar fili a gabansa. Wataƙila wata tsohuwar a Tibiri ta san abin da za a cike.